MU KOYI TURANCI: Kalmar "Limit" Da Yadda Ake Amfani Da Ita

A wannan wata kalma ɗaya tak za mu ɗauka, mu juya ta gaba da baya. Kalmar ita ce LIMIT. Haruffanta biyar ne: L, I, M, I, T. Ba ta da wuya a bakin Bahaushe, domin yadda aka rubuta ta haka ake faɗarta: li-mit. A ɗan danna gaɓar farko, a saki ta biyu.

Wannan kalma tana ko'ina. Tana kan allon bakin titi. Tana jikin takardun da ake mannawa a banki. Tana ƙarshen sunayen kamfanoni, tana kuma bakin likita. Mutane da yawa in sun ji ta sai su ɗauka an ce "an hana". To, ba hani take nufi ba. Wanda ya ɗauke ta hani yakan juya ya bar haƙƙinsa a baya. Wanda kuma ya yi biris da ita yakan wuce gona da iri, ya jawo wa kansa tara ko ciwo.

AKUYA A TURKE

Mu fara da abin da kowa ya sani. In damina ta faɗi aka yi shuka, ba a barin awaki su yi ta yawo. Sai a kafa turke, a ɗaure akuya da igiya. An hana ta cin ciyawa ne? A'a. Tana ci, tana zagayawa, tana kwanciya inda ta ga dama. Amma inda igiya ta ƙare, nan tafiyarta ta ƙare. Wannan abin da mai akuya ya yi mata shi Bature yake kira "limit". Ya yi mata iyaka.

Saboda haka in za mu mayar da kalmar Hausa sai mu ce ƙayyadewa, ko iyakancewa, ko taƙaitawa. Duk inda ka gan ta, cewa take yi: yi, amma iya nan.

Ko da yake yau a ofis da banki aka fi jin ta, asalin kalmar daga gona ta fito. A harshen Latin, wato yaren Romawan da, akwai kalmar "limes". Sunan 'yar siririyar hanya ce wadda ta raba gona da gona. Daga Latin ta shiga Faransanci, daga can mutanen Ingila suka aro ta. Mu a nan gamba muke dasawa a kan iyaka, ko aguwa, ko bi-ni-da-zugu. Iyakar gona kuwa ba ta taɓa hana mutum noma ba. Abin da take cewa shi ne, nomi taka, kada ka shiga ta maƙwabci.

KAMANNINTA HUƊU

Kalmar "limit" aikatau ce, wato kalma mai nuna aiki, kamar "ci" ko "tafi". Tana sauya kama kaɗan bisa ga wanda ya yi aikin da lokacin da aka yi shi. In ni ne, ko kai, ko mu, ko su, sai a bar ta yadda take. In shi ne ko ita, sai a ƙara S a ƙarshe, ta zama "limits". In aikin ya wuce sai ta zama "limited", a faɗe ta li-mi-tid. In ana cikin yin sa kuma "limiting". A lura, T ɗaya ake rubutawa a cikinsu duka, ba biyu ba.

A karanta waɗannan da ƙarfi, sau biyu ko sau uku:

I limit my spending.
Nakan ƙayyade kuɗin da nake kashewa.

My mother limits the oil in the soup.
Mahaifiyata takan taƙaita mai a miya.

The rain is limiting our work.
Ruwan sama yana rage mana aiki.

The village head limited the meeting to one hour.
Dagaci ya ƙayyade cewa taron kada ya wuce awa ɗaya.

KA NEMI "TO"

A sake duba jimla ta ƙarshe. Akwai wata 'yar ƙaramar kalma a cikinta, "to". Ba "to" ɗinmu na Hausa ba ne na amsawa, wannan "tu" ake faɗarta. Ita ce mabuɗin darasin nan. Duk inda ka ga "limit" ko "limited", bi layin da yatsa har ka iske "to". Abin da ya biyo bayanta shi ne tsawon igiyar.

A ce an kawo takin zamani sakatariyar ƙaramar hukuma. Ka yi sammako, ka taka tun daga ƙauye. Ka iske an manna takarda a bakin sito:

Sale is limited to two bags per farmer.

Wani da ke tsaye a gefe ya ce maka, "Ai an hana sayarwa." In ka yarda da shi ka juya, ka yi asarar tafiya, gonarka kuma ta kwana ba taki. Amma in ka bi layin da kanka, za ka ga bayan "to" an rubuta "two bags", buhu biyu. "Per farmer" kuma yana nufin kowane manomi. Ashe cewa aka yi kowane manomi ana sayar masa, amma kada ya wuce buhu biyu. Kana iya sayen ɗaya. Kana iya sayen biyu. Na uku ne babu. Haka kuma in mai sito ya ce ɗaya kawai zai ba ka, kana da bakin magana, domin ga takarda a bango tana cewa biyu.

Ba kullum lamba ce ke bin "to" ba. Wani lokaci mutane ne:

This clinic is limited to women and children.
Wannan asibiti na mata da yara ne kawai.

Entry is limited to members.
'Yan ƙungiya ne kaɗai za su shiga.

A nan sai ka tambayi kanka: ina cikin waɗanda aka ambata? In kana ciki, shiga kanka tsaye.

Mutum kuma yana iya ɗaure kansa da kansa. Bature yakan ce "Limit yourself to two cups." Wato ka tsaya a kofi biyu. Masu shan shayi tun safe har dare, wannan jimla taku ce.

A ƊAKIN LIKITA

Nan ne kalmar ta fi muhimmanci, domin rai ake magana. Mai hawan jini yakan ji likita ya ce, ko ya ga an rubuta masa a kati:

Limit your salt.

Ma'ana, ka taƙaita gishiri. Da likita yana nufin ka bari gaba ɗaya, da "stop" zai ce, ko "avoid", wato daina ko guji. Wasu in sun koma gida sai su sa a yi musu miya lami, su yi kwana uku suna haƙuri, ran na huɗu su gaji su koma gidan jiya, har su fi da ci. Ba haka ake so ba. Ragewa ake so, wadda mutum zai iya ɗorewa a kanta shekara da shekaru.

To, ina iyakar take? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum kada gishirin da yake ci a yini ya kai giram 5. Wannan bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Kuma lissafin ya haɗa har da gishirin da ke cikin dunƙulen magi, da na burodi, da na yajin tsire. Uwargida ita ke riƙe da wannan igiya, don haka in maigida ne aka gaya wa, ya dawo ya yi mata bayani da kyau. In likita ya ce "limit" bai faɗi adadi ba, kada ka ji nauyi. Ka ce masa, "Likita, zuwa nawa?" Tambaya ce mai kyau, kuma zai ji daɗin amsa ta.

Akwai wata kalma da ke tafiya tare da "limit" kamar ɗan jakin da ke bin uwarsa. Ita ce "exceed", a faɗe ta ik-sid. Ma'anarta wuce iyaka. A jikin kwalin magani za ka ga:

Do not exceed the stated dose.
Kada a wuce adadin da aka faɗa.

Ɗauki farasitamol, wanda kusan kowane mai tebur yake sayarwa. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24 ba, kuma ba a haɗiye su lokaci ɗaya. Wanda ya wuce haka yana iya lalata hantarsa, ko da bai ji komai ba a ranar. Na yara kuwa ya yi ƙasa da haka ƙwarai, sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

IN TA ZAMA SUNA

Kalmar nan takan tashi daga aikatau ta zama suna ba tare da an sauya mata ko harafi ɗaya ba. A nan ma'anarta iyaka ko haddi. Sai a sa wata kalma a gabanta don a nuna iyakar mene ne.

Wadda aka fi gani ita ce SPEED LIMIT, iyakar gudu. In ka ga allo a bakin titi an rubuta SPEED LIMIT 50, ana nufin kada mota ko babur ya wuce gudun kilomita 50 a awa ɗaya. Ba cewa aka yi dole sai ka kai 50 ba. In ranar kasuwa ce, ga yara ga dabbobi, 20 ma ta isa. A dokar hanya ta Nijeriya, iyakar ƙananan motoci a cikin gari 50 ce, a babban titi mai tagwayen hanya kuma 100. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke lura da wannan. A 2017 ta fara tilasta wa motocin haya su sa wata na'ura mai hana mota wuce gudun da aka ƙayyade. Sunanta da Turanci "speed limiter". Kun ga kalmarmu a ciki. Turke ne aka kafa wa mota.

A banki kuma akwai WITHDRAWAL LIMIT, iyakar kuɗin da za a cira. Ba wanda zai manta da ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. A watan Disamba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa cewa mutum ɗaya ba zai ciri tsabar kuɗi fiye da naira 100,000 a mako ba. Jama'a suka yi ca, musamman 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, waɗanda cinikinsu na hannu da hannu ne. Kafin watan ya ƙare aka ɗaga iyakar zuwa naira 500,000. Ko a wancan tsari ba a ce kuɗin mutum sun zama haram a gare shi ba. Wanda yake da larurar cirar fiye da haka an ba shi hanya, sai dai ya ba da dalili kuma ya biya wani kaso a kan abin da ya haura. Irin wannan iyaka takan sauya daga lokaci zuwa lokaci. Don haka in ka shiga banki ka tambayi ma'aikaci:

What is the limit?
Mece ce iyakar?

TIME LIMIT shi ne wa'adi. In an ce "The time limit is 30 days", kwana 30 ke gare ka, ko na biyan bashi ko na mayar da fom. TERM LIMIT kuma wa'adin mulki ne. Tsarin Mulkin 1999 ya ƙayyade cewa ba a zaɓen mutum shugaban ƙasa ko gwamna fiye da sau biyu, kowane zango shekara 4. A 2006 an kai wa Majalisar Dattawa gyaran da zai buɗe ƙofar zango na uku, ta yi watsi da shi. Mu dai tazarce muke kiran irin wannan.

Sai AGE LIMIT, iyakar shekaru. Wannan a yi hattara da ita, domin gona tana da iyaka ta gabas tana da ta yamma. A takardar ɗaukar aiki, yawanci ana nufin kada shekarunka su wuce kaza. A wajen yankar katin zaɓe kuwa, ana nufin kada su gaza 18. Sai ka duba ko an rubuta "above", wato sama da, ko "below", wato ƙasa da.

"LIMITED" A ƘARSHEN SUNAN KAMFANI

Kowa ya taɓa ganin wannan a jikin buhun taki, ko kwalin sabulu, ko ƙofar babbar mota. Wani lokaci a rubuta LIMITED, wani lokaci a gajarta a rubuta LTD. Wasu sun ɗauka ado ne, ko alamar kamfanin babba ne. To, magana ce ta shari'a, kuma ta shafi aljihunka.

Abin da aka ƙayyade a nan shi ne alhakin masu kamfanin. A idon doka kamfani daban, masu shi daban. In mutum uku suka haɗa jari suka kafa kamfani irin wannan, kamfanin ya ci bashi ya karye, asararsu ba ta wuce jarin da suka ɗauki alkawarin zubawa. Masu bin bashi dukiyar kamfanin za su bi. Ba za su je su kama gidan mai kamfani ko shanunsa ba, sai fa in ya tsaya wa bashin da kansa a rubuce, ko kotu ta same shi da zamba.

Me ya haɗa manomi da wannan? A ce wani kamfani ya zo ƙauyenku da kaka, ya ce ku ba shi shinkafa ko riɗi, sai an sayar ya biya. Kun ga shugabansa da babbar riga da babbar mota, hankalinku ya kwanta. Ku sani, in sunan kamfani ne a kan takardar, kamfanin kuke bi, ba mai babbar rigar ba. A ganina, kafin ƙungiyar manoma ta ba da amfanin gona bashi, ya kamata ta nemi lambar rajistar kamfanin. Lamba ce da ke farawa da haruffan RC. Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wadda dokar 1990 ta kafa, ita ke ba da ita, kuma ana iya bincika ta a intanet ta wayar hannu. Rubuta LTD a jikin allo aikin mai fenti ne kawai. Ba ya nuna gaskiyar mutum, ba ya kuma nuna akwai kuɗi a asusu.

Masu zuwa cin kasuwa Maraɗi ko Damagaram za su ga SARL a ƙarshen sunayen kamfanonin can. Harafin L na ƙarshe ɗan'uwan kalmarmu ne a Faransanci, kuma manufar ɗaya ce.

A kanti kuma "limited" takan nufi kaɗan. LIMITED STOCK, kayan ba yawa. FOR A LIMITED TIME, na ɗan lokaci ne. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma dabara ce ta mai talla, don ka yi gaggawar zaro kuɗi kafin ka yi shawara. In an sa UN a gaba, ta zama UNLIMITED, ma'ana ta juye: ba iyaka. Masu tallar kira da data suna son wannan kalma. In ka gan ta, nemi ƙananan rubutun da ke can ƙasa, domin sau da yawa a nan igiyar take ɓoye.

INA KALMAR HANI?

In Bature yana son ya hana abu ɗungurungum, yana da kalmominsa. Akwai "ban", akwai "prohibit". Aikin Hajjin 2021 ya nuna bambancin sarai. Saboda annobar korona, Saudiyya ta ƙayyade yawan mahajjata zuwa 60,000, dukkansu mazauna ƙasar. Ga na cikin gida an yi "limit". Ga maniyyatan Nijeriya da sauran ƙasashen waje kuwa hani ne, ba wanda ya tafi a shekarar.

Akwai kuma "restrict", wadda take kusa da "limit" amma ta fi ta tsanani. Ita ake ji ranar zaɓe, in 'yan sanda sun ce "Movement is restricted", wato an taƙaita zirga-zirga. Kana iya takawa zuwa rumfar zaɓe, amma a ajiye mota da babur. In ka ga RESTRICTED AREA a jikin shinge, wurin na masu izini ne kaɗai.

Wuri ɗaya ne kalmarmu take zama hani sosai. Shi ne in ka ga OFF LIMITS. Wannan yana nufin wurin yana bayan iyaka, ba a shiga sam. Akan gan shi a barikin soja da wuraren injinan lantarki. Kada ka tsaya neman "to" a nan. Juya kawai.

Ranar rabon kyaututtuka a makaranta kuma za ka ji babban baƙo ya ce wa yaro "The sky is your limit." Cewa yake yi sararin sama ne iyakarka, wato ba abin da zai tare ka. In ɗanka aka gaya wa, yabo ne da fatan alheri, sai ka ce amin.

AIKI

A kwafi waɗannan a littafi. A ja layi a ƙarƙashin abin da ya biyo bayan "to", sannan a rubuta ma'anar kowace jimla da Hausa.

1. The loan is limited to ten farmers.
2. Limit the tea to one cup.
3. This class is limited to adults.
4. The driver limited the load to twenty bags.

Sannan a amsa wannan da baki. An rubuta a ƙofar ɗakin marasa lafiya: "Visitors are limited to two." Ku biyar kuka zo dubiya daga gida ɗaya. Yaya za ku yi?

Ran kasuwa mai zuwa, kowa ya duba jikin buhuna da kwalaye da motoci. Ya rubuto sunaye uku da ya gani masu LIMITED ko LTD a ƙarshe, ya kawo wa malamin ajinsu a karanta tare.